Hira Goma Sha Biyu da Doña Meli Ta Katse

Har yau a unguwarmu, idan aka aiki mutum ya dawo hannu rabbana yana murmushi kamar ya yi abin kirki, sai a ce ya yi irin ta Doña Meli. Mai sunan kuwa tana nan da ranta, tana jin su daga barandarta, ko kai ba ta ɗagawa daga tsintar wakenta.

Abin ya faru ne shekarar da wasu masu bincike suka zo garinmu Tapachula, da ke kusa da iyakar ƙasa, daga wata jami'a ta babban birni. Shugabarsu Dakta Maricruz Zenteno, siririyar mace mai saurin tafiya, wadda zafin garinmu ya hana sakat tun ranar da ta sauka. Abin da ya kawo su shi ne su gano yadda masu neman mafaka ke rayuwa a watannin da suke jiran amsa: ina suke kwana, wa ke tare su a hanya, yaya ake yi musu tambayoyi a ofis, me kuma ya raba su da gida tun farko. Suka shiga neman 'yan gari masu iya sauraro. Duk wanda suka tambaya sai ya nuna musu gidan Hermelinda Roblero, wato Doña Meli, wadda ta yi shekara talatin da huɗu a bakin kasuwa da tafireta a gabanta, tana rubuta wa jama'a wasiƙa.

Aka ba ta rikoda 'yar ƙarama kamar sabulun wanka, da takardar tambayoyi, da wata takardar da mutum zai sa wa hannu cewa ya yarda a ɗauki muryarsa amma ba za a ambaci sunansa ba. Aka nuna mata madannin kunnawa da na kashewa, da 'yar jar fitilar da ke ci in tana ɗauka. Ta ce wannan ai wasan yara ne, ita da ta saba da madanni sama da arba'in.

Bayan mako guda ta kawo hira goma sha biyu cif. Dakta ta ji daɗi, ta gyara zama a gaban fanka, ta kunna ta farko. Ga doguwar gaisuwa. Ga bayani a kan yadda mutanen Honduras ke dafa wake, har da gardama a kan lokacin da ake zuba albasa. Ga labarin katifar da ruwan sama ya jiƙa a masauki. Can sai muryar matar da ake hira da ita ta yi ƙasa, ta ce, "Ranar da suka shigo shagona..." Ƙit! Sai shiru. Da sauti ya dawo, muryar Doña Meli ce ke cewa, "Yauwa, ƙara kurɓa ruwan. To gaya mini, a ina kike shanya kayanki?"

Ta biyu haka, ta uku haka. Dakta ta ɗauka rikodar ce ta lalace, ta bubbuga ta a tafin hannu, ta canza batir. Sai da ta kai ta bakwai sannan ta aika a kira mata mai aikin.

"Inna Meli, wa ke kashe rikodar nan?"

"Ni mana."

"Don me?"

"Kuka suke yi, Dakta."

"To ai daidai wurin da muke nema ke nan!"

"Kukan?"

"Ba kukan ba. Abin da ya sa su kukan."

"Ai ba sa faɗa a lokacin, 'yata. Kukan kawai suke yi. Sai in bar abin nan ya zuba musu jan idonsa?"

"To bayan sun gama fa?"

"Bayan sun gama sai kunya ta kama su, sai mu koma maganar shanya."

Dakta ta dafe goshi. Mako guda, mutum goma sha biyu, kuma abin da jami'a ta samu shi ne hanya huɗu ta dafa wake da jerin duk igiyoyin shanya na kudancin gari.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama unguwa, kuma ba kowa ya kai shi ba sai mijinta, Don Tacho, tsohon makaɗin marimba, abin kiɗan nan na jerin katako, wanda tun da ya ajiye sandunan kiɗa ya mayar da ƙarfin hannunsa bakinsa. Ya tsaya a shagon aski yana cewa, "Matata fa yanzu 'yar jami'a ce. An aike ta ta ɗauko labari, ta ɗauko gaisuwa ta baro labarin a can. In kuna da sirri ku kai mata, ko na'ura ba za ta ji ba."

Wanda bai san sana'arta ba zai ce wauta ce. Amma hannun Doña Meli abin da ya saba ya yi. Tun tana 'yar shekara ashirin da biyu take zama a kan teburinta na katako, masu tsinkar kofi da suka sauko daga kan dutse, da mata masu wankau, da tsofaffin da 'ya'yansu suka haura arewa, duk suna zuwa su faɗa ta buga. Ta rubuta wasiƙar neman aure, ta rubuta ta rabuwa, wani lokaci ga mutum ɗaya a wata ɗaya. A nan ta samo Tacho ma. Ya zo a rubuta masa takardar neman shiga ƙungiyar makaɗa, ya yi ta zuba har shafi uku, ta ce masa ya rage. Har yau bai rage ba.

Tana da doka ɗaya da ba wanda ya koya mata. In mai wasiƙa ya zo wurin da murya ta shaƙe masa, sai ta ɗauke yatsunta daga kan tafireta, ta ɗora su a cinya, ta juya tana kallon masu tallan ayaba kamar ba ta san da shi a wurin ba. Ba ta cewa "yi haƙuri", ba ta cewa "ci gaba". Ƙarar tafireta a kan kukan mutum, a ganinta, rashin tarbiyya ne, kamar tauna a gaban mai makoki. Da wayar hannu ta shigo ta kwashe mata masu wasiƙa, ta lulluɓe tafiretar da zanen tebur ta ɗora a kan kabad, amma dokar tana nan a yatsunta.

Washegari Dakta ta zo gidan da kanta. Ta huce, har ta karɓi kofin kofi. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, maganar matar hira ta farko ce ta hana ta sukuni.

Sunan matar Dilcia Banegas, daga garin El Progreso na Honduras, shekarunta talatin da ɗaya, tana da 'ya ƙarama. Wata biyar ke nan tana garin, tana zuwa sa hannu a ofishin masu neman mafaka duk ranar da aka ɗiba mata, ba ta taɓa fashi ba. Ranar Alhamis ta mako mai zuwa ce ranar ganawarta, zama ɗaya da za a yi da ita a tambaye ta abin da ya sa ba za ta iya komawa gida ba.

"Inna, ki bar maganar bincikena tukuna," in ji Dakta. "Idan ta yi musu shirun da ta yi miki, mai tambayar abin da ya ji zai rubuta. Ba shi da hanyar rubuta abin da ta haɗiye. In takardar ta fito ba komai a ciki, za a iya cewa ba ta da hujja. Daga nan kuma kin san hanyar da mota ke bi."

Doña Meli ta san hanyar. Ta sha ganin motocin suna nufar iyaka.

"Ki koma wurinta, ki sake gwadawa, ko bakinta zai saba da faɗa. Amma don girman Allah kar ki taɓa madannin nan." Don ta tabbatar, Dakta ta ciro salatif daga jaka ta liƙe madannin kashewa da shi har ninki biyu.

Don Tacho, da ke kwance a ragar lilonsa yana yi kamar barci yake, ya ce, "Dakta, hannun za ki ɗaure. Na'urar ba ta da laifi."

Dilcia tana haya a wani ɗaki na bayan gidan mai walda, ita da wasu mata biyu. Ta tarbi Doña Meli da fara'a, ta dafa mata baleada, gurasar ƙasarsu, mai zafi da wake da cuku, suka sake taɓa gardamar albasa. Aka kunna rikoda. Ta faɗi sunan unguwarsu, ta faɗi yadda take buɗe shagon abincinta tun kafin motocin ma'aikata su fara wucewa, da yadda ƙanenta Wilmer ke zuwa karin kumallo kullum bai taɓa wanke faranti ba. Sai ta ce, "Ranar da suka shigo..." Idonta ya sauka a kan jar fitilar. Bakinta ya buɗe, ya rufe. Yatsan Doña Meli ya kai kan salatif ya dawo. Suka zauna haka, fitila na ci, mai walda na ta ƙarar ƙarfe a waje, har minti goma sha ɗaya. Daga baya Dakta ta auna.

"Inna, ba zan iya ba," in ji Dilcia. "A nan yake," ta taɓa maƙogwaronta, "amma in na zo kansa sai in rasa ta inda zan kama. Ranar Alhamis ma haka zan yi musu, na sani."

A hanyar gida ruwan la'asar ya tare Doña Meli, ta fake a rumfar wani mai gyaran takalma. Tana tsaye tana maimaita maganar nan a ranta, ta inda zan kama, sai abin ya faɗo mata. Rabin aikinta ta yi ta yi duk makon nan. A bakin kasuwa, in mai wasiƙa ya gama share hawaye, ba maganar shanya take kawo masa ba. Takardar take dubawa, ta karanta masa layin ƙarshe da ya faɗa, a sanyaye, kamar mai karanta jerin cefane. Mutum in ya ji maganarsa a bakin wani sai ya kama bakin zaren ya ci gaba. Rikoda kuwa ba ta da takardar da za a duba. Ta ɗauke hannu yadda ta saba, amma ba ta da abin da za ta miƙa musu su kama.

Ba ta jira ruwan ya ɗauke ba. Ta shiga gida sharkaf ta ce, "Tacho, tashi ka sauko mini da tafireta."

"Jami'ar ta kore ki ke nan?"

"Sauko da ita, ka kuma nemo mini man keken ɗinki."

Da Dakta ta ji shirin, ba ta amince nan take ba. Ta ce su ba lauyoyi ba ne, kuma in aka sa wa mai neman mafaka magana a baki, ko da kyakkyawar niyya, cutar da shi aka yi, domin masu tambaya suna gane labarin da aka haddace.

"Dakta, shekara talatin da huɗu ban taɓa ƙara wa kowa ko kalma ba," in ji Doña Meli.

"Ta rage wa wasu dai," in ji Don Tacho.

Ranar Litinin Dilcia ta zo gidan, aka bar 'yarta tana wasa da kyanwa a tsakar gida, aka kori Don Tacho zuwa shagon aski. Doña Meli ta zura farar takarda biyu da baƙar takardar kwafi a tsakani, ta gyara tabarau.

"To, wa za mu rubuta wa?"

"Ni ba ni da wanda zan rubuta wa, Inna."

"Wa kike so ya san yadda aka yi?"

Dilcia ta daɗe tana murza gefen rigarta. "Wilmer. Amma ai ya rasu."

"Wannan ba komai ba ne. Duk farkon Nuwamba sai na rubuta wa mamata wasiƙa ta fi ashirin, a ɗora musu kan kabari kusa da furanni ranar tunawa da su. Su ne ma ba su taɓa dawo mini da ƙorafin rubutu ba."

Dilcia ta yi dariya ba shiri, ta goge hanci. Sannan ta fara. Ta gaishe shi, ta gaya masa yarinya ta yi wayo, ta ce har yanzu tana jin haushin farantan da bai wanke ba. Tafireta na tafiya, ƙararrawarta na bugawa a ƙarshen kowane layi. Sai ta ce, "Kai ba ka ga wanda ya shigo ta bayanka ba. Ni na gan shi."

Muryar ta ɗauke. Doña Meli ta ɗora hannuwa a cinya, ta juya tana kallon bishiyar mangwaron maƙwabta. Ta ƙirga 'ya'yan da ke reshen ƙasa, ta sake ƙirgawa. Da ta ji numfashin ya daidaita, ta duba takarda, ta karanta ba tare da ta kalle ta ba: "Kai ba ka ga wanda ya shigo ta bayanka ba. Ni na gan shi."

"Shi ma ya ga na gan shi," in ji Dilcia. "Ɗan layinmu ne. Tare kuka yi makaranta."

Yatsu suka koma kan aiki.

Kwana uku suka yi a kan wasiƙar. Ranar farko sau shida aka tsaya. Rana ta biyu aka kai ga saƙon barazanar da aka turo mata bayan jana'iza, da gidan innarta da ta ɓuya a ciki, da yadda aka biyo ta har can. Rana ta uku sau ɗaya kawai Doña Meli ta kalli mangwaro. Wasiƙar ta cika shafi huɗu. Ta miƙa wa Dilcia asalin da kwafin duka, har da baƙar takardar tsakani, domin ita ma tana riƙe rubutu in aka ɗaga ta a haske.

"Ba na ofis ba ce, ba ta jami'a ba ce. Taki ce da ƙanenki. Kar ki haddace, kar ki karanta musu. Kin riga kin san hanyar."

Ranar Alhamis tun da sassafe Doña Meli ta raka ta har bakin layi, da ƙullin tamale biyu, wato alalen masara, a jaka, sannan ta samu dakali a tsallaken titi ta zauna da yarinyar. Layin ya miƙe har kwana, mutanen Haiti da na Kuba da na Honduras, kowa da jakar takardunsa a ƙirji. Rana ta take, mai sayar da ruwan kwakwa ya zo ya wuce sau uku. Sai bayan ƙarfe biyu Dilcia ta fito, idanu jajir, tana tafiya kamar wadda ta sauke buhun masara.

"Yaya?"

"Na tsaya, Inna. Sau biyu."

Doña Meli ta matsa mata wuri a kan dakalin.

"Sai na ce wa mai tambayar, 'Don Allah, ranki ya daɗe, karanta mini abin da na faɗa na ƙarshe.' Ta dube ni, ta dubi kwamfutarta, ta karanta. Sai na ci gaba. Har ƙarshe, Inna. Har sunan layin na faɗa mata."

Doña Meli ta buɗe jaka. Ta kwance tamale ta miƙa mata, ta juya tana kallon mai ruwan kwakwa.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Wata huɗu Dilcia ta ƙara tana zuwa sa hannu, tana taya wata mata aikin girki a kasuwa. A cikin watannin nan ta ɗauki kwafin wasiƙar ta kai wa Dakta da kanta, ta ce a sa a binciken, a canza sunaye, amma a bar maganar farantan yadda take. Dakta kuma ta ɓare salatif ɗin da hannunta, ta ba Doña Meli littafi da fensir ta riƙa rubuta jimlar ƙarshe kafin ta kashe rikoda, ta sake tura ta wurin sauran goma sha ɗayan. Takwas suka ƙarasa labarinsu. Biyu sun riga sun bar gari. Ɗaya, wani dattijo, ya ce shi maganar shanya ta ishe shi, aka ƙyale shi. Da aka zo rubuta rahoto, Dakta ta ware shafi guda a kan amfanin barin mutum ya tsaya, da maimaita masa maganarsa, aka yi masa ado da manyan kalmomin jami'a har Doña Meli ta karanta ba ta gane aikinta ba ne.

Ranar da takardar Dilcia ta fito, cewa an karɓe ta, ta zauna a ƙasar nan ita da 'yarta, Lahadin da ta biyo aka haɗa tebur biyu a tsakar gidan Doña Meli. Dakta ta zo da lemo, mai walda ya zo da kujeru, aka dafa wake iri biyu don kowane ɓangare ya kare mutuncinsa. Dilcia ce ta fi kowa surutu, tana kwaikwayon yadda uwar ɗakinta ta kasuwa ke ciniki, har Dakta ta sarƙe da dariya.

Don Tacho ya ga an daɗe ba a ji shi ba. Ya miƙe da kofi a hannu, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, mu sha don babbar mai binciken unguwarmu. Mace ɗaya tilo a tarihin jami'a da aka ba na'urar ɗaukar magana, ta yi ta kashe ta duk lokacin da aka zo yin maganar. Sau goma sha biyu, jama'a! Dakta na nan, ba ƙarya nake yi ba. Sai da aka liƙe abin da salatif!"

Aka kwashe da dariya, har Dilcia na buga tebur. Doña Meli ta gama zuba wa yarinyar wake, ta goge hannu a zane, ta dube shi ta saman tabarau.

"Na kashe, kuma gobe in wani ya fara kuka zan sake kashewa. Ka dai ji Dilcia, ga ta nan, tun ɗazu ba ta bar kowa ya sa baki ba. Ni abin da ya dame ni, Dakta, ki tambayar mini a jami'arku: shekara talatin da tara ina laluben madannin wannan mutumin, har yau ban gano inda aka sa masa shi ba."